Taswira biyu na ƙasa ɗaya sun saɓa: wacce za a yarda da ita?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na gaji wani tsohon littafin taswirori daga kakana, da na kwatanta shi da wanda ɗana yake karatu da shi, sai na ga iyakokin ƙasar Poland sun sha bamban, har sunayen wasu birane sun canza. Shin ɗaya daga cikinsu kuskure ne?
Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Mai yiwuwa ne babu kuskure a ko ɗaya, domin kowace taswira tana nuna ƙasa ne yadda take a shekarar da aka zana ta, shi ya sa abin da za ki fara dubawa shi ne shekarar bugu.

Poland tana cikin ƙasashen da iyakokinsu suka fi motsawa. A 1772 da 1793 da 1795 maƙwabtanta, wato Rasha da Prusiya (wata tsohuwar masarautar Jamusawa) da Ostiriya, suka yi ta yankar ƙasarta har ta ɓace daga taswirar Turai baki ɗaya, ba ta sake bayyana ba sai a 1918, bayan shekara 123. A 1945 kuma aka tura ta yamma: Tarayyar Sobiyet ta ɗauke yankunanta na gabas, ita kuma aka ba ta wasu yankunan Jamus har zuwa kogin Oder da na Neisse.

Ki ɗora yatsa a kan birnin da yau ake kira Lviv a Yukren. Idan littafin kakanki ya rubuta Lwów, kuma birnin yana cikin iyakar Poland, to mai yiwuwa an buga shi ne kafin ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Taswirar zamanin mulkin Ostiriya kuwa Lemberg take kiransa. Haka Breslau ta Jamus ta zama Wrocław.

Lardunan Poland ma ba su tsaya wuri ɗaya ba, domin a 1975 an rarraba su zuwa 49, sannan a 1999 aka harhaɗe su suka koma 16.

Ki kuma lura da ƙasar da ta buga taswirar, saboda inda ake taƙaddama kan yanki, kowace gwamnati tana shata layin ne yadda take iƙirari. Ina roƙonki kada ki yar da littafin nan don ya tsufa. Ki ajiye shi nesa da damshi da gara, ki buɗe wa ɗanki shi kusa da nasa.