Me ya sa 2,147,483,647 ta yi suna?

Malam, ka ce ka ga 2,147,483,647 a littafin kwamfuta, kana son sanin ko wace irin lamba ce. Jera 2 guda 31, ka ninka su da juna, ka cire 1, ita za ta fito. Mara ce, tunda da 7 ta ƙare, kuma babu lambar da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Irin waɗannan da ake samu ta ninka 2 a cire 1 ana kiran su lambobin Mersenne, da sunan wani limamin coci Bafaranshe. Wannan ce ta takwas cikin lambobin Mersenne da ba sa rabuwa. Ita ma 31 ɗin 'yar gidan ce: 32 ban da 1.

Masanin lissafi Leonhard Euler ne ya tabbatar 2,147,483,647 ba ta rabuwa a 1772, lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai bi lambobi ɗaya bayan ɗaya ba. Ya san ba sai ya wuce 46,340 wajen neman mai raba ta ba, sannan duk mai raba ta sai ta bar saura 1 ko 63 in an raba ita mai rabawar da 248. Ni wannan dabara ta fi burge ni.

A kwamfuta kuwa, ita ce iyakar abin da gurbin ajiye lamba mai bit 32 (bit wuri ne da ke riƙe 0 ko 1) ke ɗauka in an ware bit guda don alamar + ko −. Na'urorin da ke ƙirga daƙiƙoƙi haka tun farkon 1970, ranar 19 ga Janairu 2038 ma'auninsu zai cika.