Hukuncin inshorar lafiya da asusun HSA ga ma'aikaci a Amurka

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ina aiki a wani kamfani a birnin Houston, ina da mata da 'ya'ya uku. Lokacin zaɓen inshorar lafiya ya zo, an ba mu tsari biyu. Na farko ana cirar kuɗi mai yawa daga albashi kowane wata. Na biyu cirar kaɗan ce, amma sai na fara biyan dubban daloli daga aljihuna kafin kamfanin inshora ya sa hannu, kuma yana zuwa da asusun ajiyar kuɗin magani da ake kira HSA, wanda wurin aikinmu ma yake zuba wani abu a ciki. Ya halatta in shiga? Akwai zakka a kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, abu biyu aka haɗa maka a takarda ɗaya, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Inshorar kasuwanci a asalinta mafi yawan malaman zamani sun haramta ta. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke haka a zamanta na Jidda a 1985, saboda yawan garari, wato rashin sanin abin da za a bayar da abin da za a karɓa: mutum zai yi shekaru yana biya bai karɓi komai ba, wani ya biya wata biyu a kashe masa dukiya mai yawa. Hadisin Abu Huraira a Sahihu Muslim ya hana cinikin garari. Majalisar ta halatta inshorar taimakekeniya, takaful, a madadinta. Shaihu Mustafa Zarƙa ya saɓa musu, ya halatta inshorar, amma ni ra'ayin masu rinjaye nake bi.

Duk da haka ban hana ka shiga ba. Kuɗin asibiti a Amurka yana iya cinye ajiyar shekaru a kwanciya ɗaya, kuma zaɓin da wurin aikinka ya ajiye maka ba takaful a cikinsa. Malaman ƙa'idojin fiƙihu sun ce buƙata mai ƙarfi tana zama a matsayin lalura. Abin da aka haramta don garari kuwa ya fi sauƙin samun rangwame a kan abin da aka haramta don riba. Ƙari a kan haka, inshorar biye take da yarjejeniyar aikinka, kuma ana yafe wa abin da ya zo a biye abin da ba a yafe masa idan shi ne abin nufi. Tsarin biyu duka hukuncinsu ɗaya ta wannan fuska.

Shi asusun HSA ba inshora ba ne. Dokar da ta kafa shi ta 2003 ce, ya fara aiki a 2004, kuma kuɗin cikinsa mallakarka ne: ba ya ɓacewa da ƙarewar shekara, idan ka bar aikin ka tafi da shi. A 2025 iyali na iya zuba har dala 8,550, bisa sharaɗin cewa kuɗin farko da ke kansu, wato abin da za su biya kafin kamfanin inshora ya sa hannu, bai gaza dala 3,300 ba. Abin da wurin aiki ya zuba maka ladan aiki ne ko kyauta, halal ne. Sauƙin harajin da ake yi wa kuɗin asusun ma halal ne, domin hukuma ce ta sauke haƙƙinta da kanta.

Inda nake ji maka tsoro shi ne kuɗin ruwa. Yawancin masu riƙe asusun suna ɗora riba a kan tsabar kuɗi, wani lokaci 'yan kwabbai da ba ka lura da su. Ka nemi a dakatar. In ba hali, ka lissafa ta duk shekara, ka fitar da kwatankwacinta ga mabuƙata da niyyar tsarkake dukiya, ba da neman ladan sadaka ba. Idan za ka juya kuɗin a hannun jari, to ka nisanci takardun bashi masu ruwa da hannun jarin bankunan riba, giya da caca, ka zaɓi asusun jari da aka tace bisa Shari'a. Katin asusun kuma kada a saye wani abu da shi a rubuta magani, wannan ha'inci ne.

Zakka tana kansa, domin kana iya cire kuɗin duk ranar da ka so. Sai dai wanda bai kai shekara 65 ba, idan ya cire don abin da ba magani ba, zai biya haraji da tarar kashi 20 cikin ɗari. Abin da na zaɓa: ranar zakkarka ka ɗebe kimar tara da haraji, ka haɗa ragowar da sauran kuɗinka, idan ya kai nisabi, kimar giram 85 na zinare, ka fitar da kashi 2.5 cikin ɗari. Ka biya daga wani aljihun don kada tarar ta hau ka. Idan kana riƙe da rasitan magani da ka biya da kanka ba ka karɓa daga asusun ba, wannan adadin zakkarsa cikakkiya ce, tunda ba tara a kansa.

Kada arhar kuɗin da ake cira kowane wata a tsari na biyu ta ruɗe ka. Allurar rigakafi da binciken kariya inshora ke biya tun farko, amma zazzaɓin yaro da dare da kuɗin likita a kanka suke har ka cika kuɗin farko, kuma a 2025 abin da iyali za su iya kashewa a shekara yana kaiwa dala 16,600. Idan matarka na da juna biyu, ko akwai mai ciwon sukari ko asma a gidan, kuma ba ka da ajiyar da za ta ɗauki wannan, ɗauki tsarin farko. Ba ya halatta ka jinkirta kai yaro asibiti don tattalin asusu.

Allah ne mafi sani.