Shin Sayar da Ruwa Zai Maye Gurbin Tankar Agaji?

Tambaya: Malam, a unguwarmu ta Hausawa a Gadarif da ke ƙasar Sudan, tankar ƙungiyar agaji ta daina zuwa. Matasanmu suna son haƙa rijiyar burtsatse su riƙa sayar da ruwa, amma wasu dattawa sun ce ruwa ba hajar ciniki ba ne. Ina mafita?

Amsa: Ɗan'uwa, a girmama dattawa, amma ai an daɗe ana sayen ruwa a Gadarif wurin masu amalanken jaki da ganga. Kuɗin da za a karɓa na hidima ne: gyaran famfo, albashin mai kula, da sinadarin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, wanda sakaci da shi ganganci ne a jihar da kwalara ta ɓarke a 2023. Tun da yaƙi ya tashi a Afrilun shekarar, man dizal ya yi tsada, saboda haka famfo mai aiki da hasken rana ya fi dacewa, ko da yake kuɗin sayensa yana da nauyi.

Kafin haƙa, a kira masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin ba ko'ina ake samun ruwa a yankin ba. A rubuta farashin jarka a jikin tanki, a kuma ware wa marayu da 'yan gudun hijira nasu kason kyauta.