Ina ɓoye waƙoƙin da nake so, har ga maigidana

Assalamu alaikum Anti. Damuwata ƙarama ce a idon wasu, amma ni ta hana ni sakat. Ina son waƙa, son da ban san yadda zan kwatanta ba. Akwai guda huɗu da nake ji tun ina 'yar shekara 15, har yau in na kunna tsikar jikina tashi take, wani lokacin har da hawaye. Amma ba na iya bari kowa ya ji. Da an turo ƙofa sai in yi wuf in kashe, kamar wadda aka kama da kayan sata. Sau ɗaya na taɓa kunna wa wata ƙawata, ko rabi ba a kai ba ta kwashe da dariya, wai "Wannan tsohon yayin kike ji?" Anti, ni ta yi wa dariya, ba waƙar ba. Shekara shida ke nan, dariyar nan tana kunnena. Na san waƙa ce kawai, na sani, amma a wurina ta wuce haka. Ko maigidana in ya tambaye ni me nake ji, "ba komai" nake cewa, har ya daina tambaya. Ni dai dariyar nan ce ta tsaya mini a rai. Ni ce mai matsala, ko in je in gaya mata ta cuce ni?

Amsa

Wa alaikumus salam ƙanwata. Lafiyarki ƙalau. Waƙar da mutum ya ji yana tasowa takan manne da halin da yake ciki a lokacin, shi ya sa in an taɓa ta sai ya ji shi aka taɓa. Ba zan ɗauki ɓangare ba, ko da yake ƙawarki ba ta kyauta ba.

Amma kin faɗi wata magana kin wuce ta da gudu: "har ya daina tambaya." Nan na tsaya. Bawan Allah ya ga matarsa tana share hawaye da iyafis a kunne, ya tambaya, ya sake tambaya, kina ce masa ba komai. Me kike so ya ɗauka? Wadda ta yi dariya na minti ɗaya kin riƙe ta shekara shida, shi kuma da ya zo da kyakkyawar niyya kin rufe masa ƙofa. Gaskiya shi aka zalunta a labarin nan.

Wannan kuma da ku nake, masu karatu. Kafin 1877, da Ba'amurke Thomas Edison ya ƙirƙiro na'urar naɗar murya, ba mai jin waƙa sai a bakin mai rera ta. A 1979 kamfanin Sony ya fito da Walkman, 'yar na'urar jin kaset mai iyafis, kowa ya samu damar toshe kunnensa shi kaɗai. Yau ga mu gida ɗaya, miji bai san abin da ke sa matarsa kuka ba. Abin nan yana damuna ƙwarai.

Ƙanwata, ki rabu da zancen ƙawar nan, da wuya ma ta tuna. Ki zaɓi ɗaya cikin huɗun, ba wadda ta fi taɓa ki ba tukuna, ki kunna a fili kina wani aikin, kada ki tsare fuskarsa da ido. In ta ƙare ki ce masa, "Ka taɓa tambayata, to wannan ce," ki gaya masa shekarunki nawa da kika fara jin ta. Wataƙila ba za ta burge shi ba, kada hakan ya sa ki kashe. Daga nan ki tambaye shi tasa.