Kafin ka sa katafila a bakin tsohon rumbu

Yaro, na ga tambayarka. An ba ku tsohon rumbun dutse ku mayar da shi gidan zama, mai aikin yana so a fara haƙa ramin bututu ranar Litinin, ga kuma tsohon gidan sarautar ƙauyen jifa ɗaya daga wurin, wai ko akwai abin dubawa. Akwai. Ka fama mini tsohon miki, don irin wannan aikin ne ya raba ni da motar aikina a ƙasar nan ta Ingila.

Mai aikin nawa wani dattijon Bature ne, mai fara'a, kullum da shayi a hannu yana miƙo mana. Na nemi takardar izinin ƙaramar hukuma, ya nuna mini shafin farko mai hatimi, ya mayar aljihu. Ashe sharuɗɗan suna shafukan baya, ɗaya daga ciki kuma ya ce ba a taɓa ƙasa sai masanin kufai, wato mai binciken kayan tarihin da ke binne, yana tsaye a wurin. Ya san da haka sarai. Tun 1990 ƙa'idar ƙasar nan ita ce mai gini ne ke biyan masu binciken, shi kuma ya ji kuɗinsu ya ga da yawa, sai ya zaɓi ya rufe ni.

Rana ta uku bokitin katafila ya daina fito da jan yumɓu, ya fara kwaso baƙar laka mai wari, jiƙe sharkaf ana tsakiyar bazara. A ciki ga tsingaron tukwane masu koren ƙyalli, ga ɓawon kawa, ga gutsuren katakon itacen oak da ya yi baƙi ƙirin. Gwalalo ne, irin wanda ke bin bayan ganuwa a gida, wanda ya taɓa kewaye gidan sarautar aka cike shi tun zamanin da. Kafin in ɗaga hannu direban ya riga ya yage harsashin wani bango da ke gefensa. Wata mata mai yawo da kare ta gani, ta buga waya. Washegari takardar dakatar da aiki tana manne a ƙofa.

Mako tara muna zaune. Hayar katafila tana tafiya, hayar ƙarafan hawa gini tana tafiya, leburori huɗu suna da iyali. Da na je wurin mutumin nan, sai ya buɗe mini yarjejeniyarmu, ya ɗora yatsa a layin da ya ce magini ne zai kiyaye duk sharuɗɗan izini. Sharuɗɗan da ya ɓoye mini! Ya riƙe cikon kuɗina, na sayar da motata na sallami yarana. Har yau in na bi ta hanyar ƙauyen nan ba na son duban wajen.

To ka karɓi takardar a hannunka ka karanta har shafin ƙarshe. Ku yaran yanzu layi biyu kuke karantawa a waya ku ce kun gane, gaggawa kamar ana korar ku. Rumbun da kake gani ƙila bai wuce shekara 200 ba, amma ƙasar da yake kai ta girme shi nesa, domin rumbu kan tsohon rumbu ake ɗorawa. Na Harmondsworth, kusa da filin jirgin Hitiro, tun wajen 1426 yake tsaye. A dokar kare tsofaffin gine-gine ta 1990, in gidan sarautar yana cikin jerin gine-ginen da aka kare, ginin da ke harabarsa tun kafin 1 ga Yulin 1948 shi ma kariyar ta hau kansa, ko ba a ambaci sunansa ba. In kuwa filin yana ƙarƙashin dokar kufai ta 1979, haƙa ba izini laifi ne na kotu. Kowace gunduma tana da kundin wuraren tarihi, a tambaya kafin a kunna inji.

In masanin ya zo, bokiti marar haƙora ake sawa, a riƙa share ƙasa kaɗan-kaɗan, ya ce tsaya a tsaya. A cikin rumbun kada ka fasa daɓen masussuka da ke tsakanin manyan ƙofofi biyu sai an auna an ɗauki hoto, kuma lambobin Romawa da tsofaffin kafintoci suka sassaƙa a mahaɗar katako ba datti ba ne da za ka goge da inji. Ƙashin mutum in ya fito, a ajiye shebur a kira 'yan sanda, ɗaga shi sai da lasin Ma'aikatar Shari'a. Tsabar azurfa ko zinariya na da, kwana 14 doka ta bayar a kai rahoto. Zancen cewa ba a shafa siminti a bangon farar ƙasa kuwa ba zan ɓata bakina ba, wanda bai san wannan ba bai isa riƙe cokali ba.

Ranar Litinin kada katafila ta motsa. Ka ɗauki hoton takardar izinin, kowane shafi, ka turo mini daren nan in gani da idona.