Ratayar jiki da ƙugiya: nauyin mutum da kayan da ake saya

Tambayoyin wannan makon sun zo ne kan wata al'ada da bidiyonta ke yawo a wayoyi, inda ake soka wa mutum ƙugiyoyin ƙarfe a fata, a ɗaga shi sama da igiya. Abin ya daɗe a duniya. Mai zane George Catlin ya gan shi a wurin ƙabilar Mandan ta Amurka a 1832, ana kuma yin wani nau'insa a bukukuwan Hindu a jihar Kerala ta Indiya. A zamanin nan ƙungiyoyi ne ke shirya shi a Amurka da Turai.

Tambaya: Ina karatu a Jamus. Wani abokina yana cikin masu wannan harka, ya gayyace ni taronsu. Nauyina kilo 115 ne. Fatata za ta iya ɗauka kuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, fatar gadon baya tana cikin mafi kauri a jikin mutum, kuma ta fi ƙarfin yadda ake zato. Abin da masu aikin ke lissafawa shi ne kilo nawa ya hau kan kowace ƙugiya. Ratayar da aka fi yi wa sabon shiga ita ce ta saman baya da ƙugiya 4. Mai kilo 60, kowace ƙugiya ta ɗauki kilo 15. Kai kuwa kusan kilo 29 ne a kan kowace. Shi ya sa ake ƙara wa mai jiki yawan ƙugiyoyi. In an mai da su 6, lissafin ya sauko kusan kilo 19. Akwai kuma ratayar rub da ciki, wadda ake raba nauyi a kan ƙugiya 8 zuwa 12 daga kafaɗu har ƙafafu. Kaurin ƙarfen ma yana da tasiri. Ana amfani da mai kaurin milimita 3.2 ko milimita 4, domin siririn ƙarfe yana yanka fata kamar yadda zare ke yanka sabulu. Gwiwa ta fi baya saurin yagewa, ratayar ƙirji kuma tana takura numfashi.

Sai dai wannan lissafi na mutumin da ke rataye tsit ne, igiyoyinsa duk daidai wa daida. In guda ta fi sauran ɗamewa, ita za ta kwashi kaso mafi girma, nan kuma yaga ke farawa. In aka fara lilo, lissafin ya canza gaba ɗaya. Wanda aka ja gefe har digiri 60 aka sake shi, lokacin da ya iso tsakiya igiya na ɗauke da ninki biyu na nauyinsa, wato kilo 230 a wurinka. Fizga ta bazata tana iya wuce haka.

Abin da ya fi damun mu game da kai yana can cikin jiki. Teɓa ba ta ƙara wa fata ƙarfi, nauyi kawai take ƙarawa. Masu ƙiba sun fi fama da hawan jini da ciwon suga, da yawa kuma ba su san suna da su ba. Zafi da tsoro suna zaburar da zuciya, wani lokaci jini ya faɗi nan take mutum ya suma. Wanda ya suma a rataye dole a sauke shi a kwantar cikin daƙiƙoƙi, sauke sumamme mai kilo 115 kuwa ba aikin mutum biyu ba ne. Mai suga kuma rauninsa ba ya saurin warkewa.

Ra'ayinmu shi ne ka bar shi, don babu wani amfani da lafiyarka za ta samu, kuma in kai Musulmi ne ka san hadisin da ya hana cuta da cutarwa. In ka ƙi ji, to fara da likita: a auna jini, suga da zuciya, ka faɗi duk maganin da kake sha, musamman masu tsinka jini irin aspirin da warfarin. Ka je taron a matsayin ɗan kallo tukuna. Ka tambaye su ko sun taɓa rataye mai nauyinka, da yadda suke sauke wanda ya suma. Wanda ya ce maka nauyi ba komai ba ne, ka yi nesa da shi.

Tambaya: Mu uku ne muke son yin wannan don bidiyo. Na ga ƙugiyoyi da igiya da araha a kasuwar intanet. Wanne iri za mu saya?

Amsa: Kada ku sayi ko ɗaya, ƙanena. Ƙugiyar kamun kifi tana da ƙayar da ke hana ta fita, wasu kuma fenti ko rufin ƙarfe ne a kansu da ke ɓarewa cikin rauni. Mai arha tana buɗewa a hankali in nauyi ya hau, sai mutum ya zame ya faɗo. Waɗanda ƙwararru suka fi yarda da su ƙarfe ne marar tsatsa mai santsi, masu kulle irin waɗanda ake kira Gilson. Ko su kuka samu, ba ku da na'urar kashe ƙwayoyin cuta da tururi irin ta asibiti, wadda ke kai digiri 121 na aƙalla minti 15. Tafasasshen ruwa ba ya wuce digiri 100, shafa sifirit kuma ba ya kashe dukkan ƙwayoyi. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin mako guda da rai a busasshen jini a kan ƙarfe. Ku uku, ƙugiya ɗaya, kun ga inda abin zai kai.

Sannan a ina za ku ɗaura? A aikin ɗaga mutum, ana so kowane abu daga maɗauri har igiya ya iya jure ninki goma na nauyin da za a ɗora masa. Mai kilo 70 yana bukatar abin da zai ɗauki kilo 700. Ƙarfen da aka dasa a rufi don fanka ba a yi shi don haka ba, balle azara ko reshen bishiya. Maƙalar ƙarfe ta masu hawan dutse tana da lamba a jikinta, aƙalla 20 kN, wato kusan tan biyu, amma in ta juya a karkace ƙarfinta ya koma kusan 7. Irin wadda ake rataye makulli da ita kamannin kawai ta ɗauko. Yagewar fata ɗinki take bukata, faɗowa a kan siminti kuwa tana iya karya ƙashin baya ko fasa kai.

Tambaya: Ƙanwata tana Ingila, nauyinta kilo 47. Ta ce tunda ba ta da nauyi babu haɗari. Hujin kunnenta ya taɓa yin tabo mai tudu.

Amsa: Hajiya, rashin nauyi yana rage jan da fata ke sha, iyakarsa ke nan. Bai hana suma, zubar jini ko shigar ƙwayoyin cuta ba. Tabon nan shi ne abin dubawa. Likitoci na kiransa keloid, ya fi kama masu baƙar fata, kuma wuraren da ya fi tsirowa su ne kunne, ƙirji, kafaɗu da saman baya, wato daidai inda ake soka ƙugiya. Hudar ƙugiya huɗu tana barin ƙofa takwas, mashiga da mafita, kowace tana iya zama tudu mai ƙaiƙayi da ke dawowa ko an yanke shi. In tana shafa man bilicin mai sinadarin clobetasol, fatarta ta riga ta yi laushi, tana saurin tsagewa. In tana da sikila, zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna iya tayar mata da ciwon.

Ki faɗa mata waɗannan cikin lalama, ki roƙe ta ta nuna wa likitan fata kunnen kafin ta yanke shawara. In kuwa ta riga ta yi, iskar da kan shiga ƙarƙashin fata ta ƙofar hudar takan baje cikin 'yan kwanaki, amma zazzaɓi, mugunya, ja mai yaɗuwa ko wahalar numfashi na bukatar asibiti a ranar, a kuma duba ko allurarta ta tetanus ba ta wuce lokaci ba.