Hukuncin shiga tsohuwar masana'antar jan bulo da ramin yumɓunta

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. A bayan garinmu akwai masana'antar jan bulo da ta daina aiki shekaru da yawa, kusa da ita kuma akwai ramin da ake haƙar yumɓu, wanda ya cika da ruwa. Ni da abokaina mukan shiga ta inda katanga ta rushe mu ɗauki hotuna, wasunmu su yi iyo, wasu su tsinci ƙarafa su sayar wa 'yan gwangwan. Mene ne hukuncin wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, dukiya ba ta fita daga hannun mai ita don ya daɗe bai waiwaye ta ba. Masana'antar nan tana da mamallaki, ko kamfani, ko magada, ko hukuma, kuma Dokar Ma'adinai ta Najeriya ta 2007 ta sanya ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa a hannun gwamnatin tarayya, kamar yadda malaman Malikiyya suka mayar da al'amarin ma'adinai ga shugaba.

Wani zai iya kafa hujja da aya ta 29 a Suratun Nur, wadda ta ɗauke laifi daga shiga gidajen da ba a zaune a cikinsu idan mutum yana da wani amfani a ciki. Ƙatada da Mujahid sun fassara ta da masaukan matafiya, Aɗa'u kuma ya ce kangaye ne da mutane ke shiga don biyan buƙata. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne al'ada ta nuna masu su ba su hana shiga ba. Saboda haka idan kango a buɗe yake, babu katanga, babu maigadi, babu allon gargaɗi, shigarsa don kallo da ɗaukar hoton gini ta halatta. Amma wurin da aka kewaye, katangar ita ce maganar mai shi, kuma ɓaraka a jikinta ba izini ba ce. Sai ku nemi yardarsa ko ta wakilinsa.

Inda na fi tsanantawa shi ne ramin. Yumɓu ba ya barin ruwa ya tsotse, gaɓar ramin haƙa takan yi tsaye da santsi, ƙasansa kuma taɓo ne mai riƙe ƙafa, shi ya sa gwanin iyo ma yakan kasa fitowa. Mutanen Filato sun san rayukan da tafkunan haƙar kuza suka ci. Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka a aya ta 195 a Suratul Baƙara, don haka iyo a irin wannan rami, da hawa bututun hayaƙi, da taka rufin tanda da ya tsattsage, duk haramun ne matuƙar an fi zaton cutuwa, ko da mai wurin ya yarda. A hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce rijiya da mahaƙar ma'adini ba a biyan diyyar wanda ya halaka a cikinsu, wato idan an haƙa su a inda aka halatta. Sai dai wannan bai ɗauke wa mamallaki nauyin kewaye ramin da ke kusa da gidaje ba, kuma ya dace ku kai maganar ga mai unguwa saboda ƙananan yara.

Ƙarafa, da rodi, da kwanon rufi ba tsintuwa ba ne, domin ana iya sanin mai su, kuma dukiyar mutum ba ta halatta sai da yardar ransa. Wanda ya riga ya sayar ya tuba, ya mayar wa mamallaki da ƙimar abin. Idan ya yi bincike bai same shi ba, ya yi sadaka da kuɗin a madadinsa. Allah ne Mafi sani.